Shamuwa, Gawo da Taurari: Kalandar da Daura Ba Ta Rubuta Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san labarin rijiyar Kusugu. An ce wani maciji mai suna Sarki ne ya tare ta, ya hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya karɓi guga ya nufi rijiyar da dare. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan abin da ke tarihi da abin da ke almara a cikin wannan labari. Amma akwai abin da ba a cika lura da shi ba: labarin da Daura ta fi tinƙaho da shi labarin ruwa ne da ranar samunsa. A ƙasar da ruwan sama ke zuba wata huɗu kacal, daga Yuni zuwa Satumba, sanin lokaci shi ne bambancin cikakken rumbu da wanda ɓera zai shiga ya fito da yunwa.

Tarihin Daura da muka saba ji jerin masu mulki ne: magajiyoyi tun daga Kufuru har zuwa Daurama, sai Bawo da zuriyarsa, sai jihadi, sai zuwan Turawa. Haka ma babban littafin da M. G. Smith ya fitar a 1978 kan al'amuran Daura, sarauta da tsarin mulki ya fi mayar da hankali a kai. To, a gefen wannan tarihi akwai wani, na manoma da makiyaya da maharba da mata masu tsinkar ganye, waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru suna duban itace da tsuntsu da ƙwaro don su san inda shekara ta kwana. Shi nake so mu waiwaya, domin yana gab da kuɓuce mana.

Lissafi uku a gari ɗaya

Bahaushen Daura ya rayu da lissafin lokaci iri uku. Na farko shi ne na wata, wanda da shi ake azumi da salla da Sallar Gani, bikin da Daura ta yi suna da shi a watan Rabi'ul Awwal. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka Gani kan faɗo bana da sanyi, bayan wasu shekaru da kaka, bayan wasu da damina, sai ta yi kamar shekara 33 kafin ta zagayo inda ta taso. Lissafi ne na ibada, manomi ba zai iya shuka da shi ba.

Na biyu shi ne na malaman hisabi, wanda ya zo daga ƙasashen Larabawa tare da littattafan Musulunci. An raba shekara zuwa taurari 28, kowace tana da kwana 13, ɗaya ce kawai ke da 14, jimla kwana 365. Kowane yanayi ya sami taurari bakwai. Na damina su ne Haƙa'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, kuma har yau akwai dattawan da za su gaya maka tauraruwar da ake ciki ba tare da sun duba takarda ba. Malamai sun tsara wannan lissafi cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda, abin da Mervyn Hiskett ya yi nazari a kansa a 1967. Wanda bai yi karatun hisabi ba ma ya san Kaza da 'Ya'yanta, tarin taurarin nan da Larabawa ke kira Surayya, ya kuma san cewa ɓacewarsu daga sama da bazara na tafe da ƙaratowar damina.

Sai dai tauraro ba ya makara, ruwa kuwa yana makara. Lissafin hisabi zai gaya maka lokacin da ya kamata damina ta faɗi, ba zai gaya maka ko ta bana ta shirya ba. Nan ne lissafi na uku ya shigo, wanda babu malaminsa babu allonsa: abin da daji da kansa ke nunawa.

Shekara a bakin daji

A fara da bazara, daga Maris zuwa Mayu. Rimi ya fasa 'ya'yansa, audugarsa na yawo a iska. Ɗorawa, wadda ta rataya jajayen furanninta tun ƙarshen sanyi, ta nuna, yara na shan garinta, mata na tara kalwa don daddawa. Kuka da ta kwashe watanni tsirara sai ta fara tofo tun ruwa bai sauka ba. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas ta kwanta, wata mai ɗumi da laima ta fara shigowa daga kudu maso yamma, dare ya yi zafi har barci ya gagara a ɗaki. Manomi ya gama sassabe, ya kai taki. Mai ƙarfin hali ya yi binne, wato ya zuba irin gero cikin busasshen rairayi yana jiran ruwa ya tarar da shi. Caca ce: in yayyafi ya tsirar da irin sannan ruwa ya ɗauke, an yi asara. Saboda haka kafin mutum ya buɗe irin da ya ɓoye tun bara, sai ya ɗaga kai ya dubi itatuwan gari, ko shamuwa ta sauka.

Hadari ya taso daga gabas, ruwan shuka ya sauka. Washegari za ka ga jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski yana tafiya a kan rairayi. Shinge ya fito daga suri ya rufe fitila. Kwaɗin da suka shafe rani a binne cikin ƙasa suka cika kududdufi da kuka. Tsidau da tafasa su ne kan gaba wajen tsirowa, kuma tafasa ce ke riƙe gidaje da yawa a makonnin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba. A Agusta ake marka, rana ta yi wuyar gani. Gero ya fitar da kai, ya yi bununi, yara suka fara gasa tumu. A lokacin ne kuma jan baki ke sauka garke-garke a kan zangarniya, a tura yara gona da gwangwani da majajjawa.

Kaka na shigowa da raɓa mai nauyi da sassafe. Ƙarangiya ta bushe ta fara kama wando, gamba ta isa yanka don zana. Shamuwa ta tattara 'ya'yanta ta tafi. Fara ta yi ƙiba, ana kama ta da asuba lokacin da sanyi ya hana ta tashi. Fulani suka shigo gonakin da aka girbe, shanu na cin kara suna barin taki, balbela na biye da su.

Sai dari, da hazonsa da fasa leɓe. Magarya da kanya da aduwa sun nuna. Masu fadama sun koma lambu, matasa sun tafi cin rani. Lokacin farauta ke nan, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta. Da damina kowa na gona, dawa ta yi duhu, namun daji kan sami sararin hayayyafa. Da sanyin nan ne kuma wasu baƙin tsuntsaye ke bayyana a bakin tafkuna da cikin ƙayoyi, waɗanda suka ƙetaro Sahara daga Turai. Za mu dawo kansu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ke aiki ita kaɗai. Gwanin manomi yakan haɗa uku ko huɗu, ya auna da tauraruwar da ake ciki, ya saurari abin da makiyayin da ya fito daga kudu ya ce game da ciyawa, sannan ya yanke shawara, ya bar wa Allah sauran.

Baƙuwar da ba a jifa

A cikin duk alamun nan babu wadda ta kai shamuwa farin jini. Tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki, ba ta gudun mutane, a tsakiyar gari take sheƙa, kan kuka ko tsamiya ko rimi. Yaron da zai harbi kurciya da danƙo ba tare da wani ya tanka ba, in ya ɗaga hannu kan shamuwa zai sha faɗa. Wannan kariya ba a Daura kaɗai take ba, haka abin yake a faɗin Sahel har zuwa Sudan da Habasha. Sunan da masana kimiyya suka ba ta a 1823 ma daga wani gwamnan Turkawa ne a arewacin Sudan, mai suna Abdim.

Kakanninmu sun san lokacin zuwanta da na tafiyarta, abin da ya rage shi ne inda take zuwa. Wasu masu bincike daga Denmark sun ɗaura wa shamuwoyi 'yan na'urori a kudancin Nijar, suka bi sawunsu ta tauraron ɗan'adam har ƙasar Tanzaniya. Ashe damina take bi. Idan ruwa ya ɗauke a nan, sai ta ƙetara zuwa gabashi da kudancin Afirka inda tasu daminar ke farawa, ta dawo arewa tare da iskar da ke kawo mana ruwa. Abincinta fara ce da tsutsa, waɗanda ke yawaita bayan ruwan farko. Ke nan manomin da ya ɗauki saukarta a matsayin albishir bai yi camfi ba. Tsuntsuwar ta fito ne daga inda ruwan ya riga ya sauka, kuma tana zama ta cinye masa farin da za su ci shukarsa.

Gawo da sarakuna

Idan shamuwa baƙuwa ce, gawo ɗan gida ne mai baƙon hali. Duk itatuwa na yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake kakkaɓe nasa, ya tsaya fari fat kamar ya mutu. Ruwa na ɗaukewa sai ya yi kore shar. Saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai har ta tarar da ruwa, shi ya sa rani bai dame shi ba. Ga manomi wannan hali alheri ne ta kowace fuska. Ganyen da ya zubar ya zama taki daidai lokacin shuka, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma dabbobi su taru ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. Kowa ya ga yadda geron gindin gawo ke fin na fili tsawo. Tofonsa kuma sanarwa ce cewa damina ta yi sallama.

Tarihin gawo ya ratsa tarihin siyasar Daura. A wajajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fice, zuriyarsa daga baya suka zauna a Zango da Baure. A cikin ƙarni na 19 waɗannan yankuna suka shiga inuwar Damagaram, wadda ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani kan saran gawo, har takan kai ga rai. Daga baya Ingila da Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, suka raba tsohuwar ƙasar Daura biyu, Magarya ta faɗa ɓangaren Faransa, Turawan Ingila kuma suka mayar da Malam Musa na gidan Zango kan gadon Daura. Sarauta ta sauya hannu, iyaka ta gitta gonaki, amma gawon Baure da na Magarya lokaci ɗaya suke zubar da ganye.

Abin da ya biyo baya a ƙetaren iyakar darasi ne. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tsiron itatuwan da ke fitowa da kansu a gona, suna yi musu aski maimakon su tumɓuke su. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa dabarar a yankin Maraɗi daga 1983. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta wannan hanya, da itatuwa kimanin miliyan 200. Inda gawo ya fi dawowa kuwa shi ne Magarya da Matamai da Mirya, maƙwabtan Daura na kusa. Wanda ya bi hanyar Kwangwalam zuwa Damagaram da rani zai gani da idonsa. Ba dashe aka yi ba. Mutanen da suka san kowane tsiro tun yana ganye biyu ne suka ƙyale shi ya girma.

Shekarun da sanin daji ya zama abinci

Darajar wannan ilimi ba ta fitowa sosai sai shekarar da damina ta ƙi. A 1913 ruwa ya gaza a faɗin ƙasar Hausa, 1914 ta zo da yunwar da ake kira Kakalaba. Sarkin Daura Abdurrahman bai daɗe da hawa gado ba a lokacin, domin a 1911 ya hau, ya kuma yi mulki har 1966. Jama'a suka yi ta kwararowa daga arewa, daga ƙasar da Faransa ke mulki, suna neman hatsi wajen Kano. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina ya kuma fitar da littafinsa a 1983, ya nuna cewa ba fari kaɗai ya kashe mutane ba. Harajin da Turawa suka ce a biya da kuɗi, da noman gyaɗar da ya bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sun rage hatsin da talaka ke ajiyewa don irin wannan rana.

Da rumbu ya ƙare, daji aka koma. Wanda ya san anza ya san cewa 'ya'yanta na da ɗaci mai cutarwa, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Wanda ya san ƙarangiya ya san akwai ƙwaya a cikin ƙayar, ana sussuka ta a yi gari. An ci yaɗiya da ganyen aduwa da goriba, an tona gidajen tururuwa an kwashe hatsin da suka tara. Kowane ɗaya yana da wurinsa da watansa. Wanda ya fita nema ba a kan lokaci ba, ko bai san wanda ke kisa da wanda ke ceto ba, ya dawo hannu rabbana ko ya dawo da ajali. Galibin masu riƙe da wannan sani mata ne, kuma sunayensu ba su shiga kowane littafi ba.

Haka aka sake yi a farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, duka a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007. Ruwan da Sahel ta samu a waɗannan shekaru ya yi ƙasa ƙwarai da na shekarun 1950. Dabbobi suka mutu, manyan itatuwa suka bushe a tsaye. Bayan haka ne aka shiga dashen itatuwa gadan-gadan a arewacin Jihar Katsina, jihar da aka ƙirƙiro a 1987, kuma mafi yawan abin da aka dasa darbejiya ce, wadda wasu ke kira bedi ko maina. Ita baƙuwa ce daga Indiya, an fara dasa ta a Borno a 1928. Ta ba mu inuwa, ta tare iska, ta samar da itacen girki. Amma da yake kusan kullum kore take, ba ta faɗa wa manomi lokaci yadda kuka da gawo ke yi.

Waɗanda suka rubuta nasu

Mu koma kan baƙin tsuntsayen nan na lokacin sanyi. A cikinsu akwai wata 'yar ƙarama mai farin maƙogwaro, wadda ke hayayyafa a Turai ta zo ta yi hunturu a ƙayoyin Sahel, har da arewacin Nijeriya. A Ingila akwai masu sa kai da suka fara ƙidayar tsuntsayen unguwanninsu kowace shekara tun 1962. A 1969 suka ga fiye da kashi biyu cikin uku na wannan tsuntsuwa ba su dawo ba. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968 ne ya hallaka su. Wato masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun ga alamar farinmu a cikin littafinsu shekaru kafin duniya ta farga da yunwar 1973.

Ba su fi manomin Sandamu ko Mai'aduwa ido ba. Shi ma ya ga tafki ya ƙafe da wuri, ya ga ciyawa ta gaza. Bambancin shi ne su sun rubuta adadi da kwanan wata, don haka suna da abin da za su gwada bana da shi. Al'adar ta daɗe a wurinsu. Wani mai gonaki a Norfolk ta Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da itatuwa ke tofo da ranar da tsuntsaye ke dawowa a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har 1958. A birnin Kyoto na Japan akwai bayanin ranar da wani itace ke cika da fure tun ƙarni na 9, kuma da shi aka gane cewa furen 2021, wanda ya cika ranar 26 ga Maris, ya riga duk na shekaru fiye da 1,200 da aka rubuta kafinsa. Da irin waɗannan littattafai na mutanen gari masana ke tabbatar da cewa yanayin duniya na sauyawa.

Mu kuwa mun ajiye namu a ka. Ka zauna da dattawa a ƙofar masallaci ka tambaye su ko shamuwa na zuwa kamar da. Wani zai ce ta ragu, wani ya ce makara take yi, wani ya ce itacen da take sauka ne aka sare. Mai yiwuwa duk gaskiya suka faɗa. Amma ka ce, "Baba, a wace rana ta sauka shekarar da aka yi fari?" Sai ya yi murmushi ya ce an daɗe. Ba laifinsa ba ne, ilimin an gina shi ne don shukar bana, ba don gwada shekara hamsin ba. Matsalar ita ce yanzu gwajin shekara hamsin ɗin muke bukata.

Abin da ke ɓacewa

Abu biyu ke tafiya lokaci ɗaya: alamun da masu karanta su. Wanda ya haura shekara arba'in ya tuna ungulu jibge a mahauta da bayan kasuwa. Yau sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don magani. Gauraka, mai tukkun zinariya, ta kusa ƙarewa a Nijeriya. Kura da barewa sun koma cikin tatsuniya. Jama'a ta ƙaru, saurar da ake bari ta huta ta zama gona, burtali ya tsuke, gatari da buhun gawayi sun bi manyan itatuwa.

Sunaye ma na bin su. A 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya yi littafi guda da su, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen ciyayi da tsuntsaye da ƙwari. Duk daga bakin manoma da maharba da masu magani aka ji su. Mai karatu ya gwada kansa: ciyawa nawa zai iya kira da sunanta tsakanin gidansu da bakin gari? Zai bambance harkiya da burburwa, ko sabara da kalgo? Wanda bai san sunan abu ba, ba zai lura da ranar da ya ɓace ba.

Wani zai ce ai yanzu akwai hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. Gaskiya ne, kuma yana da amfani ƙwarai. Amma hasashe na yanki ne mai faɗi, ruwan Sahel kuwa yakan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. Hasashen ma ba ya inganta sai da bayanin abin da ya faru a ƙasa. Na'ura da idon manomi abokan aiki ne.

Abin da ke hannunmu

Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana sa wa kowane hoto kwanan wata. Abin da Marsham ya yi da alƙalami, ɗalibar sakandare a Zango za ta iya yi da yatsa ɗaya. Ba sai an je wani babban gandun daji ba. Kukar bayan gari ta isa, ko kududdufin unguwa, ko gawon gonar gado, ko bakin madatsar ruwa ta Sabke ko ta Daberam ga wanda ke kusa.

A zaɓi abubuwa kaɗan a riƙe su: ranar da aka fara ganin shamuwa da yawan sheƙunan da ke kan itace guda, ranar da kuka ta yi tofo, ranar ruwan shuka, ranar da gawo ya zubar da ganye da ranar da ya mayar, ranar da kududdufi ya ƙafe. A rubuta a littafi ma, domin waya na ɓata. Sharaɗin kawai shi ne wuri ɗaya, itace ɗaya, kowace shekara. Makarantar da ta ɗora wa 'yan aji ɗaya wannan aiki, cikin shekara goma za ta mallaki abin da masu bincike za su zo nema. Mai sha'awar tsuntsaye kuma zai iya shiga aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar APLORI ta Jos ta fara a 2015, wanda masu sa kai ke aika wa bayanai ta waya.

Kafin duk wannan, a fara da tsofaffin gida. A zauna da Inna ko Kaka a tambaye ta ganyen da suka ci shekarar fari, inda ake samunsa, da watan da yake fitowa. A ɗauki muryarta, a rubuta sunayen yadda ta faɗe su. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Babban yana nan tukuna, kuma zai faɗa in an tambaye shi.

Rijiyar Kusugu an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa daga nesa su leƙa su sha ruwanta, kuma ya dace. Ɗaya gadon, wanda ya ciyar da garin da ke kewaye da rijiyar, ba shi da gini ba shi da mai gadi. Bazara mai zuwa, idan Allah ya kai mu, shamuwa za ta sauka a wani itace a ƙasar Daura. Wanda ya fara ganinta ya rubuta ranar.